Ruwan Sahur na Fatihu

Ina tsaye ina jiran jirgin ƙasa na Metro a Silver Spring, nan Amurka, bakina ya bushe da azumi, sai wayata ta yi ƙara. Da na ga sunan Fatihu gabana ya faɗi. Ƙanena ne, autan gidanmu, kuma tun da ya shiga sansanin atisaye ba ya kiran kowa da rana. Abin da ya fara zuwa raina shi ne an karya shi.

Dole in yi wannan tunanin. Sana'ar da yaron nan ya zaɓa wa kansa ita ce ƙwallon Amurkawa, wadda ƙarti ke sa hular kwano su yi ta karo da juna kamar raguna, mutane suna tafi. Ya buga wa jami'arsa a College Park har ya gama, a bazarar 2012 kuma wata ƙungiyar ƙwararru ta ɗauke shi gwaji. Ba zan faɗi sunanta ba, ba ta ci in yi mata talla ba. An tara su da yawa a sansanin, kowa ya san kusan rabi za a sallama kafin a fara wasannin gaske, Fatihu kuwa yana cikin waɗanda ba a san da zamansu ba tukuna.

"Yaya," ya ce, sauran kuma da Turanci, don Hausarsa guduwa take yi idan hankalinsa ya tashi. "Gwajina ya fito da matsala. Za su dakatar da ni."

"Me ka sha?" Na faɗa da ƙarfi har wata tsohuwa da ke kusa da ni ta matsa gefe. "Fatihu, me ka sha?"

"Ruwa."

"Ni za ka raina wa hankali?"

Ba raina min hankali yake yi ba. Ya yi min bayani, jirgina ya zo ya wuce ina saurare. Hukumar wasan tana aiko mutum ba sanarwa ya karɓi fitsarin 'yan wasa, a duba ko suna shan magungunan ƙara ƙarfi. Masu sha sun daɗe da gano dabara, su ɗirki ruwa har ya wanke alamar. Saboda haka hukumar ta ce duk wanda fitsarinsa ya tsinke fiye da ƙima, ɗaya yake da wanda aka kama da maganin. Na Fatihu ya fito kamar ruwan famfo. Hukuncin shi ne a hana ka wasa huɗu, a kuma karanta sunanka a talabijin cikin masu maguɗi. Babban ɗan wasa zai zauna ya dawo abinsa. Mai neman gurbi irin Fatihu, kayansa za a miƙo masa.

Na sauke ajiyar zuciya, har na kusa yin dariya, domin na san inda ruwan ya fito. Daga wajen Umma ne.

Umma ba ta taɓa son ƙwallon nan ba. Abbanmu ne mai ɗaure wa Fatihu gindi, shi ke kai shi filin makaranta ya tsaya cikin sanyi yana kallon abin da bai gane kansa ba. Abba ya rasu yaron yana ajin ƙarshe na sakandare, daidai lokacin da jami'a ke nemansa. Ranar da zai amsa musu, Umma ta zaunar da shi a falonmu na Upper Marlboro, ba ta daɗe da fita takaba ba, ta ce ta yarda bisa sharaɗi. Ina wajen, kuma har yau ina iya maimaita maganar kamar karatu.

"Sallarka da azuminka. Ranar da ka ajiye azumi saboda ƙwallon nan, ko na yini ɗaya ne, ban yafe maka ba. Nonon da ka sha ban yafe ba, duniya da lahira."

Wanda bai tashi a gidan Hausa ba zai ɗauka faɗa ne irin na iyaye. Mu mun san ba haka ba ne. Umma tana da ƙane a Kano, Kawu Nasir, wanda kakarmu ta faɗa wa irin wannan a kan wata rigimar gida, kuma tun daga nan bai ƙara riƙe komai ba, ba aiki, ba mata, daga baya har hankalin ya tafi. Ni na gan shi da idona kafin mu baro gida, yana zaune a bakin kwata yana magana shi kaɗai. Fatihu yana goye lokacin, bai san shi ba, amma da labarinsa aka raine shi.

Ya riƙe alƙawarin duk zamansa a jami'a. Da sauƙi a lokacin, gida kusa, Umma ta cika kuloli ta tuƙa zuwa College Park ta jira shi a wajen ajiye motoci su sha ruwa tare. A shekarar nan ne azumi ya faɗo tsakiyar zafi, sansanin kuma yana wata jiha mai nisa. Umma ta ji a labarai an taɓa yin ɗan wasan da zafi ya kashe a wajen atisaye, shi ke nan ta kasa zaune ta kasa tsaye. Ba ta ce ya sha azumin ba, a'a, dabara ta samo. Kowace asuba sai ta buga masa waya ta tashe shi sahur, ta sa ya ɗauki galan na ruwa, ta ce ya kara wayar a maƙogwaronsa ta ji wucewarsa. Ba ta ajiyewa sai ya girgiza galan ɗin ta ji babu komai a ciki. Ta ba ni labarin tana alfahari, ni kuma na yi ta tsokanarta cewa raƙumi take kiwo.

"To ai da sauƙi," na ce masa. "Azumi kake yi, uwarka ta ɗura maka ruwa. A gaya musu mana."

Sai ya kauce wa maganar. "Gobe zan zo Washington wajen lauya," ya ce. "Ki zo. Kar ki gaya wa Umma tukuna."

Lauyar sunanta Constance, baƙar fata ce 'yar nan garin, mai gajeren gashi da saurin magana, aikinta kare 'yan wasan da hukumar ta kama. Ofishinta yana can saman wani bene, da sanyi kamar cikin firji. Fatihu ya riga ni isa. Yana zaune kujerar ta yi masa kaɗan, hannuwansa tsakanin gwiwoyi, ya ƙi haɗa ido da ni. Na ɗauka kunya ce.

Ni na yi bayanin, da zafina. Na faɗi azumi, na faɗi sahur, na faɗi galan da wayar Umma, na ƙara da ra'ayina a kan hukumar da ba ta iya bambance mai azumi da ɗan ƙwaya. Constance tana gyaɗa kai. Ta ce hujja ce mai kyau, wadda mai sauraron ƙara zai iya karɓa. Sannan ta juya wajen Fatihu.

"Tambaya ɗaya, kuma gara ka amsa min a nan da ka amsa musu a can. Na kira sansanin da safe. An ce min kana cin abincin rana tare da kowa. Kana azumi ranar da aka yi gwajin?"

Na buɗe baki zan ce sharri suke yi masa. Sai na ga fuskarsa.

"A'a," ya ce.

Ya faɗa a hankali, idonsa a kan kafet. Ya fara azumin da gaske. Ba a je ko'ina ba ya yanke jiki ya faɗi a fili, aka ja shi inuwa aka jera masa ƙanƙara a wuya. Kocin da ke kula da su ya tsaya a kansa ya ce shi ba ya hana kowa addininsa, amma akwai wasu a layi suna jiran wannan hular. Washegari Fatihu ya ci abinci. Da asuba Umma ta kira, ya ɗauka, ya ce mata ya yi sahur, ya shanye galan tana ji. Haka ya ci gaba kullum, ga kuma ruwan da ake ɗura musu duk yini a fili. Ranar gwajin mai karɓar fitsarin ya ƙwanƙwasa masa ƙofa da sassafe, ruwan Umma bai gama sauka ba.

Na so in mare shi. Wallahi na so, da girmansa da komai, a gaban lauyar. Amma kafin hannuna ya tashi maganar Umma ta dawo min ɗaya bayan ɗaya, sai na fasa. Tsoro ne ya kama ni, irin wanda rabona da ji tun ranar da aka kira mu asibiti a kan Abba.

Constance ba ta ga komai ba. "Wannan ma ya fi," ta ce. "Gaskiya ce, kuma babu mai ƙirƙirar irin wannan labarin. Yaro yana shan ruwa don kada uwarsa ta gane ba ya azumi. Amma ba shi da shaida sai ita. Dole ta zo ta faɗa da bakinta cewa ita ke sa shi. Kuma in gaya muku tun yanzu, lauyan hukumar zai tambaye ta ko ta san ɗanta yana cin abincin rana. Da ita zai fara."

"Ba za a iya hana shi ba?" na tambaya.

"Ba za a iya ba. Ku gaya mata kafin ranar. Za ta yi fushi, ta yi kuka, ta huce. Ni ma ina da 'ya'ya."

Na yi ƙoƙarin fahimtar da ita. Turancina ba ya ba ni kunya a ko'ina, da shi nake koyar da 'ya'yan mutane lissafi, amma ranar ya ƙi ni. Na ce mata uwarmu ta yi wata magana. Ta ce wace iri. Na ce irin wadda idan ta fita daga bakin uwa take bin mutum. Ta dube ni da tausayi, irin kallon da ake yi wa babban da ke tsoron duhu, ta ce muna da zuwa ƙarshen mako mai zuwa mu ɗaukaka ƙara, in ba haka ba hukuncin ya zauna.

A ƙasa, a bakin titi, rana kamar za ta narka kwalta, Fatihu ya jingina da bango.

"Bakin Umma ya riga ya kama ni, Yaya," ya ce, wannan karon da Hausa.

"Kar ka ƙara faɗin haka."

"Ki duba mana. Duk mutanen sansanin nan, ni aka zaɓa. Ban sha komai ba sai ruwa, ruwan da ita ta ce in sha." Ya koma Turanci. "Duk lokacin da na sunkuyar da kai zan yi karo, sai in ji yau ne wuyana zai tafi. Ina ganin kawun nan a mafarki, alhali ban ma san kamanninsa ba."

Na ce masa shirme ne, Umma ba ta ma sani ba, ta yaya bakin da mai shi ba ta san an taka ba zai kama mutum. Na faɗa da ƙarfi don ni ma in ji. Amma ban yarda da kaina ba. Sharaɗi ta gindaya, ba ta ce sai ta sani ba.

Ya koma sansani, ni kuma da yamma na tuƙa zuwa Upper Marlboro. Na samu Umma a kicin tana suyar ƙosai, kunun gyaɗa yana gefe a rufe. Na gaya mata rabin labarin, gwajin da ruwan da dakatarwar. Ta ajiye matsamin.

"Ruwan da na sa shi sha? A kan ruwa za su ce ɗana macuci ne? To su kira ni. Ina ne ofishin nasu? Ki kai ni in gaya musu azumi yake yi, in ba su san azumi ba in koya musu."

"Za a kira ki in an buƙata, Umma."

Na ɗauki wuƙa na kama yanka kankana don hannuna ya samu abin yi. "Umma, wai ni kam, da a ce zafin nan ya fi ƙarfinsa ya sha ɗaya ko biyu fa? Ai malamai sun ce matafiyi..."

"Shi matafiyi ne? Mutum yana ɗaki ɗaya wata guda?"

"Misali nake yi."

"Daina min irin wannan misalin da bakin azumi, Sadiyya." Ta juya ƙosan. Da ta sake magana muryarta ta sauka. "Kin ɗauka ni ba na tsoron maganar nan? Da zuciya ɗaya na faɗe ta, ina cikin zafin rashin ubanku. Na ga abin da irinta ta yi wa Nasir. Duk shekara in aka ga watan Sallah sai na yi sujada na gode wa Allah yaron nan bai taka ba, don ban san abin da bakina zai jawo masa ba."

"To ki janye mana. Ki ce kin yafe ko da ya yi."

"In janye in buɗe masa ƙofa? Ita ce ke riƙe da shi a cikin mutanen nan. Ya riƙe a jami'a, zai riƙe sauran." Ta juyo ta kafe ni da ido. "Ko akwai abin da kika sani?"

Man yana ta tafasa a kasko. Umma mace ce da idan ranta ya ɓaci bakinta ke riga tunaninta, na sani domin ni na gado ta. Idan na faɗa, ko dai ta yafe a take, ko ta maimaita maganar, wannan karon tana sane da abin da ya yi, kuma ban san wanne zai riga fitowa ba. Ba zan iya yin caca da ƙanena a kan haka ba.

"Babu," na ce. Agogon falo ya kira salla, muka sha ruwa.

Kwanakin da suka biyo baya ban samu natsuwa ba. Umma ta fito da lafayar da za ta sa ranar sauraron ƙara ta goge ta rataye. Kullum sai ta tambaye ni an sa rana. Ni kuma kullum ina kan waya da Fatihu, in lallashe shi, in zage shi, in ce masa bakinsa ne ya kamata ya faɗa, domin uwa ta fi jin nauyin ɗan da ya durƙusa da kansa. Daga ƙarshe ya yarda zai zo gida ranar hutunsu.

Ni na ɗauko shi. A mota ya gaya min yau da gaske yake azumi, don ya iya kallon idonta. Muka shirya shi zai fara, idan ta taso ni zan shiga tsakani kafin ta ce komai. Da muka shiga ya zauna a ƙasa gaban kujerarta yadda muke yi tun muna yara, duk da haka kansa ya kusa kai kafaɗarta.

"Umma, akwai magana."

"Na sani, Auta. Yayarka ta gaya min." Ta kama fuskarsa ta juya nan ta juya can. "Dubi yadda ka rame. Azumi a cikin ranar nan, ga karo da ƙarti. Da ubanku yana nan ya ga yadda ka tsaya..." Ta kasa ƙarasawa, ta share ido da gefen mayafi.

Bai rame ba ko kaɗan, fargaba ce ta zurma masa ido. Ina tsaye a bakin ƙofar falo ina cewa a raina faɗa, faɗa mana. Na ga ya sunkuyar da kai. Mutumin da ke ruga wa ƙarti da kai ba ya ƙifta ido, ga shi nan ya kasa kallon idon uwarsa.

"Lauya ta ce..." Ya tsaya ya sake farawa. "Ta ce babu ɗaukaka ƙara a irin wannan. Dokar ba ta duba dalili. Ba sai kin je ba."

Umma ta juyo ta dube ni. Na gyaɗa kai.

Constance ta yi ta kirana. Da na ɗauka ta tambaye ni ko mun san abin da muke zubarwa, ta ce yaron nan yana da baiwa, kuma irin wannan ƙofar ba ta buɗewa sau biyu. Na ce mata mun sani. Ta ce ba ta gane mu ba, na ce ban ga laifinta ba.

Wa'adin ya wuce, hukuncin ya zauna. Na ga sunan gidanmu yana wucewa a ƙasan talabijin, a layi ɗaya da na wani da aka kama da allurar ƙara tsoka. A rediyon wasanni wasu mutum biyu suka yi ta ƙyaƙyata dariya, wai ruwa ya sha, kowa ma ruwa yake sha idan aka kama shi. Ba su ma iya faɗin sunan daidai ba. Ƙungiyar ba ta jira an kai ga rage mutane ba, ta sallame shi. Ya dawo gida da kayansa a cikin baƙar ledar shara, haka suke ba wanda aka kora.

Na ɗauka ƙarshen abin ke nan, ashe Umma ba ta gama ba. Ta hau waya. Daga Silver Spring har Kano babu wadda ba ta ji cewa an kori ɗanta a kan azumi ba. Mata suka riƙa zuwa gidan da abinci, ba a san ko jaje suka zo ko barka ba. Fatihu ya shige ɗakinsa na ƙasa, sai an kira shi ya fito ya gaida mutane, ana sa masa albarka yana sunkuyar da kai, suna cewa dubi kunyarsa. Duk motar da ta tsaya a ƙofar gidan sai in leƙa, ina tunanin ko yau ne wani da ya san wani a sansanin zai zo da sauran labarin.

Washegarin Sallah ƙungiyar mutanenmu ta yi taron da ta saba a wani ɗakin taro da ake haya. Ga waina da miyar taushe, ga shinkafa da wake ta 'yan Ghana, yara suna guje-guje cikin shaddar da ta yi musu yawa suna ihu da Turanci. Fatihu ya ce ba za shi ba, Umma ta ce sai ya je. Na zauna a ɓangaren mata inda zan riƙa hango shi, abincin da na zuba ya huce a gabana.

Malam Abdul-Samad, limaminmu, ya karɓi abin magana. Ya yi nasiha da Hausa, ya maimaita da Turanci saboda yara. Sannan ya ce akwai wani matashi a cikinmu da aka ɗora wa duniya a hannu ɗaya, azumi a ɗaya hannun, ya zaɓi azumi, aka ɓata masa suna a talabijin bai ce uffan ba.

"Fatihu, taso jama'a su gan ka."

Ya miƙe a hankali. Ɗakin ya ɗauki kabbara. Na ga iyaye maza suna zungurin 'ya'yansu suna nuna shi, na ga wani dattijo yana share hawaye. Ya taho gaba, babbar rigar Abba ce a jikinsa, ta tsaya masa a gwiwa. Idonsa ya zagaya har ya same ni, ni kuwa ba ni da abin ba shi.

"Ina mahaifiyarsa?" in ji Malam. "Hajiya Rumasa'u, zo ki sa wa ɗanki albarka a gaban jama'a."

Umma ta taso cikin lafayar nan da ta goge don sauraron ƙara. Fatihu ya durƙusa. Ta ɗora hannu a kansa, ta karɓi abin maganar.

"Na ba ka amana a gaban Allah, ka riƙe. Ba ni da abin biyanka, Auta. Yadda ka yi min, Allah ya yi maka."

"Amin," in ji ɗakin.

"Yadda ka riƙe maganata, Allah ya riƙe ka haka."

"Amin."

"Abin da ka yi a ɓoye babu mai ganinka, Allah ya saka maka da irinsa a fili."

Ɗakin ya sake amsawa, har yaran da ba su san me ake cewa ba. Ni bakina ya ƙi buɗewa. Na riƙe gefen tebur, ina roƙon Allah a zuci kada ya karɓa, a ranar da kowa ke roƙon a karɓa masa. Matar da ke kusa da ni ta dafa ni ta ce in yi kukana, na farin ciki ne.

Umma ba ta ɗauke hannunta ba. Ta sunkuya tana kallon fuskarsa, tana murmushi cikin hawaye.

"Ban ji naka ba, Auta."

Ta kai masa abin maganar bakinsa. Ɗakin ya yi tsit ana jira. Na ji numfashinsa a lasifika, yana fita da ƙyar kamar na wanda ya sha gudu. Ya ɗago ya dube ta, na ga leɓensa ya motsa, na ɗauka yanzu ne zai faɗa mata komai, har na fara miƙewa.

"Amin," ya ce.